Wata 14 da cin jarabawar tuƙi, an soke mini lasisi

Ɗan Fagge: Jama'a, raina a ɓace yake. Shekara 15 ina tuƙi a Kano, na zo Ingila aka ce sai na sake jarabawa, na yi, na ci. Kwanaki ina tsaye a danja a Leeds waya ta yi ƙara, na ɗauka in duba ko uwargida ce, sai ga ɗan sanda yana ƙwanƙwasa gilashi. Tarar fam 200 da maki 6 na laifi a kan lasisina. Yau takarda ta zo, an soke lasisin, wai ni sabon direba ne. Da motar nan nake ciyar da iyalina. Wallahi zalunci ne.

Kawun Zariya: Allah ya sauwaƙe, ɗana, amma janye kalmar zalunci. Tun 1995 aka yi dokar: wanda ya tara maki 6 cikin shekara 2 da cin jarabawa zai koma lasisin koyo, ya sake ta rubutu da ta tuƙi.

Ɗan Fagge: Kawu, ai tsohon direba sai ya tara 12 ake dakatar da shi. Laifi ɗaya, hukunci biyu. Mene ne sunansa?

Maman 'Yan Biyu: Zalunci shi ne mai latsa waya ya kaɗe maka ɗa. Kullum da hannuna nake tsallakar da yarana, gabana na faɗuwa. A 2017 aka ninka makin daga 3 zuwa 6, kuma ni ko 9 aka ce ban ga laifi ba.

Bakatsine: Malamai sun ce zalunci shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba. Mota a tsaye take, Hajiya. Wa za ta kaɗe?

Kawun Zariya: A dokarsu tsayuwar danja ma tuƙi ce. Kuma ka bar wa malamai fassara.

Bakatsine: Haka ka katse ni ranar taron Sallah a gaban yara, ban manta ba.

Maman 'Yan Biyu: Ranar kai ka fara ɗaga wa Kawu murya, ina wurin.

Bakatsine: Dama ku Zazzagawa ba ku ganin laifin juna.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, mafi yawanmu mun yarda an tsananta wa ɗan uwanmu, don wanda ya yi shekara 15 yana ratsa Ƙofar Mata da Kantin Kwari ba sabon direba ba ne. Kawu ya kawo doka, mun ji. Ɗan Fagge, kira ni da yamma mu nema maka ranar jarabawa.