Komik ɗin nan fa, me za mu kira shi da Hausa?

Daga Nima:
Salamu alaikum jama'a. Ina so in riƙa kawo muku sharhin littattafan komik, masu ba da labari da jerin zane-zane, duk wata amma sunan ne ya tsaya min a maƙogwaro. A rediyo "zanen barkwanci" ake cewa, to na yarda ya dace da irin zanen da jarida ke yi wa 'yan siyasa shaguɓe da shi, zane ɗaya a yi dariya a wuce. Amma wanda ke hannuna yanzu Malika ne na Roye Okupe, wanda kamfanin Dark Horse na Amurka ya sake bugawa a 2021, sarauniya ce a ƙarni na 15 a daular Azzaz, kowa ya ji sunan ya san Amina ta Zazzau aka hararo, ga yaƙin basasa ga munafukai a fada ga kuma daular Ming ta Sin ta sa mata ido. Ina barkwanci a nan don Allah? Shafukan yaƙin sun ƙayatar, dawakai kamar su tsallako daga takarda, sai dai hirar fada tana da tsawo, wani wurin maganar ta cinye rabin zanen.

Daga Mamobi:
Yaya ka bar shi komik kawai mana, ai ba mu fassara mota ba, ba mu fassara rediyo ba, yaran Zango duk komik suke cewa.

Daga Nima:
Ƙanwata ba na faɗa da aro, amma gwada ce wa kaka kin sayi komik ki ga, za ta zaci maganin sauro ne.

Daga Sabon Zango:
Ku yara kun zaci yau aka fara. Mu a zamaninmu mujallar African Film muke rububi, ta Lance Spearman mai hula da sigari, hotuna ne na gaske aka ɗauka da kyamara aka liƙa magana a kai, muna cewa littafin foto. Ɗaya zai saya unguwa duka ta karanta har bangon ya yage. Ku ce littafin foto ku huta.

Daga Nima:
Kawu Allah ya ƙara girma, naku foto ne da gaske shi ya sa sunan ya zauna daram, wannan kuwa da hannu aka zana. Kuma "littafin zane" ma ba zai yi ba don shi ne wanda ake saya wa 'yan firamare su yi zane a ciki. Ni dai "labarin zane" nake gani. Faransawa ma ta hanyar zanen suka bi suka raɗa nasu sunan, ba su sa dariya a ciki ba, kuma su ne suka fi mu cinikin abin. Ɗauki Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, nan maƙwabtanmu Abijan, ya fara fita 2005, aka yi shida aka tsaya a 2010, sai 2022 na bakwai ya fito bayan shekara 12. Akwai ban dariya a ciki sosai, gulmar unguwa da mazan da ke ɓoye 'ya'ya a waje, amma akwai cikin shege da wahalar baƙunta a Paris da ɗaliban jami'a da ke shan duka, kuma layin da suke zanawa da mai suyar ayaba a bakin kwata wallahi ka ce unguwarmu Nima ce. Labari ne cikakke, da zane aka ba da shi, shi ke nan.

Daga Mamobi:
To na ji, labarin zane. Amma wanda ake tara fitowa biyar ko shida a ɗinke su wuri ɗaya fa? Shi ne ma muke iya samu a nan Ankara ta Gana, siraran nan na wata-wata kafin su iso kuɗin aike ya fi kuɗin littafin.

Daga Sabon Zango:
Wannan ai kundi ne, malamai sun riga ku. Abin da aka tattara aka ɗaure shi ne kundi. In kuma jeri ne mai lamba ku ce juzu'i, na ɗaya na biyu, duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san shi.

Daga Nima:
Kawu ka gama magana, kundi da juzu'i sun shiga. Dama na Japan da ake cewa manga daga dama ake buɗe shi zuwa hagu, ƙanena da ya fara One Piece ko gezau bai yi ba don haka yake buɗe littafinsa na Larabci a makaranta kullum, abokinsa kuwa daga ƙarshen labarin ya fara har ya ga wanda ya mutu. Manga kam mu bar masa sunansa. Eiichiro Oda tun 1997 yake zana One Piece, ya haura juzu'i 100, an ce an shiga zangon ƙarshe amma mutumin nan ba ya gaggawa, ni dai ina jira. Asterix na Faransawa kuma na 41 ya fito a Oktoban 2025, wannan karon Lusitaniya suka je wato Fotugal ta yanzu, kuma tun 2013 duk shekara biyu suke saki, in ba su saɓa ba sai 2027 kenan. Na gida ma kar a manta, Karmzah ta Farida Bedwei da kamfanin Leti Arts, jaruma mai sandunan guragu, ita zan fara yi wa sharhi wata mai zuwa in Allah ya yarda.

Daga Mamobi:
Saura da'irar nan da ake sa magana a ciki mai ɗan wutsiya zuwa bakin mai magana. Ni balan-balan nake cewa.

Daga Nima:
Balan-balan ya yi tsawo, "kumfar magana" fa? Kawu me ka gani?

Daga Sabon Zango:
An kira magariba, ku bari sai gobe. Amma kumfa kam ban yarda ba, sai ka ce mai farfaɗiya.