Wa ya taɓa canza wa tsohuwar mota aksul na baya? Ku ba mu labari

Mai Marsandi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da Marsandi 200, samfurin W123, mai giya huɗu. Da na hau titin Kano zuwa Zariya na wuce 100, sai injin ya kama ihu kamar yana neman giya ta biyar. Bakanikena ya ce a cire difiranshal ɗinta (akwatin giyar da ke tsakiyar aksul na baya) mai 3.92 a sa na Marsandi 300D mai 3.46. Lambar na nufin sau nawa farfela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya, ke juyawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Ɗan Fanteka: Wa alaikumus salam. Na yi wa tawa. A kan doguwar hanya ihun ya ragu sosai, mai ma ya ɗan ƙara auki. Amma fa malam, tashi ya mutu. A cunkoson Kasuwar Bacci sai ka riƙa jan kuloci kafin ta motsa, Keke Napep ma na riga ni barin danja. Ranar da na hau Hawan Kibo da mutum biyar da kaya a but, a giya biyu na ƙarasa.

Baba Direba: Yaro, tsalle ya yi yawa. Injin 200 ba shi da ƙarfin jan 3.46. Ni na 240D na sa, 3.69, ban ga abin da na rasa ba. Na 230E ma, 3.58, ana sawa.

Ɗan Fanteka: Gaskiya ne Baba. Na manta ma da maganar maleji. Daga giyabos yake karatu, bai san an taɓa baya ba. In ya nuna mini 100, to ina kan 113 ne. A waya na gane, da GPS.

Oga Mai Gareji: Alhaji, kada ka yarda da bakin mai shago, ko a Ƙofar Ruwa ko ina. Ana buga lambar a jikin kwanson, ka goge dattin ka karanta. In ta goge, ka riƙe ɓangare ɗaya, ka juya ɗayan sau biyu cif, ka ƙirga zagayen wurin da farfela ke kamawa. Uku da rabi saura kaɗan, 3.46 ke nan. Ka girgiza finiyon, wato ƙaramin giyar da farfela ke juyawa, da hannu, in yana wasa ka bar musu kayansu. An sha kawo mini wanda ke kuka tun ranar farko. Sil ka sa sababbi, ka zuba giya-oyil mai lamba 90.

Na Gashuwa: Ni akasin naku na yi. Aksul ɗin Fijo 504 fikof na sa wa wagon saboda lodin buhuna da yashin hanyarmu. Sai da aka yi walda, domin fikof sifirin mai ganye gare ta, wagon kuwa mai naɗi. Ja kam tana ja, amma a kwalta tana shan mai.

Mai Marsandi: Na gode. Oga, farfelata za ta kama na 240D, ko sai an taɓa wani abu?

Oga Mai Gareji: Ka tafi shagon da tsohon naka, a jera su a gwada ramukan kusoshi kafin ka biya.