Zafin ƙuna da allurar fenta: yaya kuka yi?

Maman Hanifa, Pantami: Salamu alaikum. Gas ne ya ƙona maigidana a hannu da ƙirji, yau kwanansa tara a asibiti. Kullum sai an yi masa allurar kashe zafi ta fentazosin, wato fenta, ni kuma gabana faɗuwa yake, don na ga yadda ta mayar da wani ɗan unguwarmu: cinyoyinsa duk gyambo, sun sandare kamar itace. Waɗanda suka taɓa jinyar ƙuna, yaya kuka rage ta?

Baban Sadiƙ, Kumo: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ni fetur ne ya ci ni a ƙafa da hunturu. Zafin zama da sauƙi, wankin ciwo ne tashin hankali. Ranar farko a bushe aka ɓare min bandeji, na ciji filo har ya yage. Daga baya wata nas ta ce a riƙa ba ni magani rabin awa kafin wanki, a jiƙa bandejin da ruwan gishirin asibiti har ya saki da kansa. Tun ranar na daina roƙon allura da dare.

Nas Talatu, Gombe: Yaya, kada ki ce a hana shi gaba ɗaya. Babbar ƙuna a kwanakin farko tana bukatar maganin zafi mai ƙarfi, har mofin. Dabarar ita ce a haɗa: farasitamol kan lokaci duk awa shida, kar ya wuce giram 4 a rana, ba sai zafi ya taso ba. Ibuprofen idan ƙoda lafiya kuma ba olsa. Wajen wanki wasu likitoci kan ba da ketamin kaɗan. Ƙaiƙayi da zugin nan mai kama da tartsatsin wuta, gabapentin ya fi fenta amfani a kansu. Kuma a hankali ake ragewa, ba a yankewa rana ɗaya.

Abu Mai Walda, Bolari: Ni bayan sallama na kwafsa. Na riƙa sayen tramadol a kyamis ba takardar likita. Ciwo ya warke, ƙwaya ta ƙi sakina wata biyar, ga bayan gida ya ƙi fita. Ki riƙe maganin a hannunki idan kun koma gida.

Maman Hanifa: Na gode. Gobe da safe ake wanki, zan tare likita tun wajen zagaye in tambaye shi batun rabin awar nan.