A kashe SELinux a kulasta ko a zauna a rubuta masa doka?

Ɗan Terminal: Salam jama'a. Ina da magana, na kuma san wasu za su ji haushi. SELinux, wato tsarin tsaron Linux mai ƙayyade abin da kowane shiri zai iya taɓawa, a kan kulastar lissafi, tarin kwamfutocin da aka haɗa suna lissafi tare, ɓata lokaci ne, a kashe shi kowa ya huta. Mu nan Rocky Linux muke da shi da Slurm mai raba ayyuka ga injina, masu bincike suna turo ayyuka ta umarnin sbatch, yau wannan ya kawo Fortran ɗin da ya rubuta da hannunsa gobe wancan ya kawo Python jibi wani ya zo da kwantena, wato shiri a ƙunshe da duk kayan da yake buƙata, to wace doka za ka rubuta wa shirin da ba ka taɓa gani ba? Ko littafin girka OpenHPC, tarin manhajojin gina kulasta, ma shawarar da ya bayar a kashe shi a kan babbar saba, injin da ke jagorantar sauran.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka karanta wurin da kyau. Littafin bai ce abin ba ya yiwuwa ba, nuna wa ya yi cewa kunna shi ya wuce abin da shi littafin zai iya koyarwa, sai ya ba ka hanya mai sauƙi. Sauƙi daban, daidai daban. Kulasta fa ita ce wurin da mutane da yawa waɗanda ba su san juna ba suke gudanar da shirye-shiryen da babu wanda ya tantance, a kan inji ɗaya, da faifai ɗaya. In akwai inda ake buƙatar doka ta tilas wadda ko mai fayil ba zai iya sassautawa da chmod 777 ba, ai nan ne.

Malam Fortran: Ni mai amfani ne ba admin ba, amma bari in faɗi nawa. Ranar da aka kunna mana shi a wani wuri da na yi aiki, shiga ta ssh da makulli ta daina yi, sai kalmar sirri, ayyuka suka tsaya cak, aka ce wai tsaro ne. Ni ina ruwana da tsaron da ya hana ni lissafi.

Hajiya Root: Malam wannan naka sananne ne ai. Foldar gidanku tana kan NFS, faifan da injina ke haɗaka a kansa ta network, sshd mai karɓar shiga ta ssh kuma ba shi da izinin karanta fayil ɗin makullai authorized_keys daga can. Layi ɗaya ne maganinsa, setsebool -P use_nfs_home_dirs on. Admin ɗinku ne bai leƙa audit.log ba.

Malam Fortran: To Hajiya ai shi ne nake faɗa, layi ɗaya a wurinki, mu kuma mun yi zaman jira.

Ɗan Terminal: Yauwa Malam. Kuma Injiniya ka tuna Mayun 2020 da aka kutsa manyan kwamfutocin Turai, ARCHER a Edinbura da wasu a Jamus da Suwizalan. Makullan ssh aka sace aka shigo a matsayin halastattun masu amfani, rahotanni suka ce an bi ta raunin kanel, wato zuciyar Linux, aka zama root mai cikakken iko. SELinux a cikin kanel ɗin yake zaune, in an fasa kanel an fasa shi. Me zai yi a nan?

Injiniya: A kan raunin kanel na yarda da kai, ba zai yi abin kirki ba. Amma ba duk hari ne ta kanel ba. A Fabrairun 2019 da raunin runc ya fito, CVE-2019-5736, wanda kwantena za ta iya sake rubuta runc na uwar injin, shirin da ke tayar da kwantenoni, injinan Red Hat da SELinux ke enforcing, wato yana tilasta doka, sun tsira, don container_t, rukunin da SELinux ke sa kwantenoni, ba shi da izinin rubutu a kan wannan fayil ɗin ko da root ne a ciki. Kai ka ɗauko misalin da ya kasa, ni na ɗauko wanda ya yi aiki.

Sabon Shiga: Yayyena ku yi haƙuri, ni namu a kunne yake kuma bai taɓa hana mu komai ba. getenforce yana nuna Enforcing, Slurm yana tafiya lafiya lau. Kenan mu mun haye?

Hajiya Root: Ƙanena yi mana abu ɗaya. Tura aiki, ko sleep ne, ka shiga injin da yake gudana a kai ka buga ps -eZ | grep slurm ka turo mana abin da ya fito.

Sabon Shiga: Ya fito, system_u:system_r:unconfined_service_t:s0, duka slurmd da slurmstepd. Shi ma sleep ɗin haka.

Hajiya Root: To ka gani. Wannan shi ne abin da ni nake so a yi muhawara a kai, ba kunna ko kashewa ba. Dokar targeted da ke zuwa da Red Hat da danginsa tana tsare hidimomin da aka rubuta wa doka ne kawai, irin su httpd da sshd da named. SELinux yana sa wa kowane fayil da shiri tambari, to shirin da systemd mai tayar da hidimomi ya tayar alhali fayil ɗinsa tambarin bin_t na gama-gari ne da shi, babu dokar kansa, sai ya faɗa unconfined_service_t, rukunin da ba a ƙayyade ba, duk abin da ya haifa kuma ya gaji wannan rukunin. Wato ayyukan masu bincikenku kusan babu abin da SELinux yake hana su, izinin Unix na da ne kawai yake raba su. Ƙofa ce an sa mata kwaɗo ta gaba, katangar baya ba a gina ba. Don haka Ɗan Terminal da ya kashe da kai da ka bari a kunne, ta fuskar ayyukan da kansu tazarar da ke tsakaninku ba ta da yawa.

Ɗan Terminal: Allah ya saka Hajiya, kin taya ni faɗa.

Hajiya Root: Ban taya ka ba. Shi Sabon Shiga sshd ɗinsa da sabar yanar gizonsa da kwantenoninsa suna tsare, kai babu ko ɗaya.

Injiniya: Kuma rubuta wa aiki rukuninsa ba sabon abu ba ne. Ku girka selinux-policy-doc ku buga man sge_job_selinux. Grid Engine, wani mai raba ayyuka irin Slurm, wanda kamfanin Sun ya saki a 2001 kafin ya bi ta hannun Oracle da Univa ya ƙare a Altair, an raba masa rukunai, sge_execd_t na mai karɓar aiki, sge_shepherd_t na mai kiwonsa, sge_job_t na aikin kansa, ga maɓallan sge_use_nfs da sge_domain_can_network_connect. Tsarin da za ka kwaikwaya kenan. Ba sai ka san me shirin mutum yake lissafawa ba Ɗan Terminal, tambayarka ta farko a nan ta karkace. Abin da za ka rubuta shi ne abin da aiki bai kamata ya taɓa ba ko wane iri ne, makullin munge da injinan Slurm ke tantance juna da shi, foldar spool ta Slurm, fayilolin /etc masu sirri, loda wani abu cikin kanel. Slurm ma tun 21.08 ya kawo --context don a saka wa aiki tambarin SELinux, amma sai an haɗa shi da --enable-selinux, kuma kai za ka tantance abin da mutum ya nema a job_submit, in ba haka ba kowa ya zaɓar wa kansa rukunin da ya ga dama.

Ɗan Terminal: To Yallabai sai MPI ya zo, wanda ayyuka ke magana da juna tsakanin injina da shi. Tashoshi barkatai yake buɗewa tsakanin injina, ga /dev/shm, ga InfiniBand, network mai sauri, ga direban GPU, ga Julia da Java masu neman execmem, izinin gudanar da lambar da shiri ya rubuta a memori. Kana buɗe wa wannan kana buɗe wa wancan, kafin wata ya ƙare dokar taka ta koma unconfined da sabon suna. Na ga masu yin audit2allow -a -M, mai mayar da abin da aka hana a log zuwa izini, su loda duk abin da ya fito ko karantawa ba su yi ba, wannan tsaro ne?

Hajiya Root: Wannan kam ba tsaro ba ne, in wani mahari ya gwada wani abu jiya aka hana shi, yau kai da kanka ka ba shi izini. Kuma yawancin ƙorafin AVC, saƙon hani da SELinux ke rubutawa a log, ba sabuwar doka suke nema ba, tambari ne ya karkace, semanage fcontext da restorecon sun isa. Inda ka fi gaskiya shi ne faifan haɗaka. NFS kafin 4.2 ba ya ɗaukar tambari, komai nfs_t ne, fayil ɗin wane da na wane duk ɗaya a idon SELinux. To in kana so ka raba rukunin bincike A da B da MCS, wato azuzuwan tambarin SELinux, irin c0 zuwa c1023 ɗin da ake raba kwantenoni da su, dole faifan ya iya riƙe tambarin.

Sabon Shiga: Na ga MCSPlugin a slurm.conf, shi ne wannan?

Injiniya: A'a, suna ne ya zo ɗaya. Na Slurm yana hana ayyukan rukunai daban su kwana a inji ɗaya ne, ba ya taɓa tambarin kanel. Yana da amfani amma wani abu ne daban.

Malam Fortran: Ni dai tambayata ɗaya, in za ku gwada wannan, a kan aikina za ku gwada?

Hajiya Root: A'a Malam. Ana ware inji biyu ko uku a yi musu layi na daban, a sa sabon rukunin kaɗai a permissive, wato a rubuta laifi a log ba tare da hanawa ba, da semanage permissive -a, sauran injin yana enforcing, ayyuka su yi ta gudana ana tara abin da da an hana ta ausearch -m avc. In abu ya ƙi yi kuma log shiru, semodule -DB zai fito da waɗanda dontaudit ya ɓoye. Ɗan Terminal kai kuma ko ba za ka yi komai ba, mayar da naka permissive, don fayilolin da aka ƙirƙira yana kashe ba su da tambari, ranar da wani mai ba da kuɗin bincike ya ce sai an kunna za ka sha relabel, wato sake sa tambari, na faifai gaba ɗaya. Kuma a Rocky 9 rubuta SELINUX=disabled a /etc/selinux/config ba ya kashe shi gaba ɗaya kamar da, sai selinux=0 a layin kanel.

Ɗan Terminal: Injin shiga da babbar saba zan iya kunna musu, wannan ban musa ba. Injinan lissafi kuwa cgroups mai ƙayyade rabon kowane aiki da pam_slurm_adopt mai hana shiga injin da ba ka da aiki a kai sun ishe ni, ni kaɗai ne admin a nan, ba ni da lokacin renon doka. Injiniya in kana da fayil ɗin doka na .te da ya yi aiki da Open MPI a kan InfiniBand ba tare da ka buɗe komai da komai ba, turo shi nan mu karanta layi-layi.

Injiniya: Zan cire sunayen injinanmu in turo da daddare. Amma execmem a buɗe yake a ciki, na faɗa tun yanzu kar a ce na ɓoye.