'Yan lakkwal suna gudun aji, mi ad dabara?

Mushen CM1 (aji biyar na firamare): Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Tahoua, tun rantire na Oktoba aji bai cika ba, wasu suna gona wajen yankan hatsi, ran kasuwa kuma 'yan mata talla suke tafiya, waɗanda suka zo ɗin ma sai faɗa da surutu. Don Allah ku ba ni shawara, abin yana ci mini rai.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam mushe. Yunwa ce wallahi. Yaron da ya fito ko koko bai sha ba in aka tashi rekreyasho gida zai nufa kuma ba ya dawowa. Inda ke da kantin, wato ciyar da yara a lakkwal, irin wanda PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke tallafawa, ba ka ganin haka sosai.

Tsohon Direkta: Ƙanena, kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. Ka tara COGES, wato kwamitin kula da lakkwal, da matan AME, ƙungiyar uwayen 'yan lakkwal, su suka san gidan kowa, yarinya ta yi fashi kwana biyu uwa ta je ta iske uwa su yi magana. Ka kai wa maigari da liman gaisuwa, in liman ya faɗa ran Juma'a iyaye suna ji. Bulala kuma ka aje ta, an hana, kuma yaro in ya sha duka gobe daji zai shige. Mafi fitinar cikinsu ka ba shi riƙon alli da kiran suna.

Ɗan Ader: Gaskiya ne baba, amma iyaye maza da yawa suna cirani Abijan ko Libiya, uwa ita kaɗai da aikin gida. Mushe ka ga ko za a riƙa sakin 'yan talla da wuri ran kasuwa, da safe dai su zo.