Neman shawara: in kama hayar adireshi a Abuja ko in bar na Katsina?

Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin dan Allah a saka mani wannan a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan cikin Katsina wajen Ƙofar Ƙwaya, ina sana'ar garin kunun gyaɗa da yajin daddawa da dakakkiyar kuka, a gida nake yi ina sawa a roba ina tallata a WhatsApp da Instagram, kuma Alhamdulillah ana saye, mafi yawan masu sayen ma 'yan Abuja ne, mota nake ba a kai masu. To yanzu wata mai babban shago a Abuja ta ga kayan ta ce tana so ta riƙa ɗauka da yawa amma sai na kawo takardar CAC, wato hukumar rajistar kasuwanci, da asusun banki na kasuwanci da adireshin ofis. Ni kuma ba ni da shago, kuma maigidana ya ce bai yarda a buga adireshin gidanmu a jikin roba kowa ya gani ba, ni ma gaskiya hankalina bai kwanta da haka ba a wannan zamanin. Ƙanena ya ce akwai abin da ake kira bachuwal ofis, wai za ka biya wani kamfani a Wuse ko Garki su ba ka adireshinsu ka riƙa amfani da shi ba sai ka zauna a wurin ba. Dan Allah wanda ya san abin ya yi mani bayani, halal ne? CAC za su karɓa? Kuma zai amfane ni ko asarar kuɗi ce?

Amsoshi

Mai kwangilar kayan ofis, Layout:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ina amfani da shi don haka bari in faɗa maki yadda yake. Kamfani ne ke da ofis na gaske a babban gini da masu karɓar baƙi da ɗakunan taro, sai su ba mutane da yawa izinin amfani da adireshin, kowa na biya wata-wata ko shekara-shekara. Duk wasiƙar da ta zo da sunanki su karɓa su kira ki ko su ɗauki hotonta su turo maki, wasu har lambar waya suke badawa a amsa da sunan kasuwancinki, in kuma kin zo Abuja kina son ganawa da wani sai ki kama ɗakin taro na awa ɗaya ko biyu ki biya na awannin kawai. Irin su Regus suna yi a Abuja da Legas, akwai kuma ƙananan kamfanoni na gida. Ni ya yi mani amfani saboda aikina takardu ne, neman kwangila, kai farashi, karɓar wasiƙa, ba ni da kayan da zan ajiye. Ke kuma abinci kike yi, lissafinmu ba ɗaya ba ne.

Wakilin rajistar CAC, IBB Way:
Hajiya CAC ba ruwansu da ko adireshin na Maitama ne ko na Ƙofar Ƙwaya, abin da suke so adireshi ne na zahiri a cikin Najeriya mai lambar gida da sunan titi wanda in an aiko takarda za ta same ki. Akwatin gidan waya ne ba a karɓa a matsayin ofis. Don haka eh adireshin haya yana shiga, amma na Katsina ma yana shiga daidai da shi, takardar da za a ba ki iri ɗaya ce kuma tana aiki a duk faɗin ƙasar nan, ba wai ta Abuja ta fi ƙarfi ba. Rajistar ma ta intanet ake yi da lambar NIN ɗinki, ba sai kin je ko'ina ba. Ki fara da rajistar sunan kasuwanci kawai, in abu ya bunƙasa sai ki koma kamfani, tun da aka yi dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai.
Abin da mutane ke mantawa shi ne ranar da kika daina biyan masu adireshin su kuma sun daina karɓar wasiƙarki, alhali a rajistar CAC can ne ofishinki, sai takardar haraji ko sammacin kotu ya je can ke ba ki da labari. In kin bar su dole ki sanar da CAC canjin adireshi.

Ma'aikaciyar banki:
Yaya ki kula da ɓangarenmu. In kika zo buɗe asusun kasuwanci ana tura mutum ya je ya ga adireshin da idonshi, kuma ana neman shaidar wurin kamar takardar wuta. In ya je ginin ya tambayi mai karɓar baƙi ta ce ba ta san wannan sunan ba, magana ta tsaya kenan. Masu yin abin da kyau suna ba da takardar yarjejeniya da sunanki a kai kuma suna tsayawa a tabbatar da ke, ki tambaye su wannan tun kafin ki biya ko sisi. Amma ga mai zama Katsina wlh ya fi sauƙi ki buɗe a reshen nan da adireshin nan da takardar KEDCO, in matsala ta tashi ki hau Keke ki je.

Mai kwangilar kayan ofis, Layout:
Gaskiya ne wannan, kuma kar ki tura kuɗi don kin ga talla a Facebook. Wani abokin aikina ya biya na shekara, da ya je Abuja ya tarar ginin yana nan amma babu wanda ya san kamfanin a ciki. Ki sa ƙanenki ya taka da ƙafarshi ya shiga ya gani.

Hajiya mai man gyaɗa, Daura:
'Yata ni na girme ki a wannan sana'ar, ki saurare ni. Mai shagon nan yau ta ce CAC, gobe lambar NAFDAC za ta ce, domin babu babban shagon da zai jera abinci a kanta babu lamba, ita ma tsoron a rufe mata take. Su kuma NAFDAC ba adireshin takarda suke zuwa gani ba, wurin da ake soya gyaɗar ake niƙa ake zubawa a roba shi suke zuwa dubawa, tsaftarshi, ruwanshi, ko an ware shi daban da kicin ɗin gida, kuma a jikin robar sai an rubuta inda ake yin kayan. To ki faɗa mani ofishin Wuse da ko turmi babu a ciki me za su duba? Kuɗin da za ki riƙa turawa Abuja duk shekara ki tara ki kama ɗan shago ko ɗaki ɗaya a kusa da ku, ki sa tayil, ki sa raga a taga, ki mai da aikin can. Kin ga adireshin gidanki ya tsira, maigida ya samu natsuwa, CAC da banki da NAFDAC duk adireshi ɗaya za ki ba su. Kuma ni ban ga abin ɓoyewa a sunan Katsina ba, 'yan Abujan nan don sun san daga gida kayan ya fito suke sayen kukarki, da ta Abuja suke so ai ga kasuwar Wuse kusa da su.

Malamin Islamiyya, Rafin Daɗi:
Malama kin tambayi halacci. Haya ce, kin biya kuɗi an yi maki hidimar da aka sani, karɓar saƙo da aron ɗaki, wannan babu laifi a ciki. Inda matsalar take shi ne mai saye ya ɗauka kina da shago ko ma'aikata a Abuja ke kuma ki bar shi a kan haka don ya saya, ko ki rubuta an yi a Abuja alhali a Katsina aka yi. Wannan ya shiga algus, kuma hadisi ya zo cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. In za ki yi ki rubuta a fili: ana yi a Katsina, ofishin karɓar saƙo a Abuja. Allah ya sa albarka a nema.

Ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua (UMYU):
Anti ƙarin bayani kaɗan, Google ba su yarda a sa irin wannan adireshin a taswirarsu ba in babu ma'aikacinki zaune a wurin, suna iya rufe shafin. Sannan ki leƙa ofishin SMEDAN ko KASEDA na jiha, harkar ƙananan sana'o'i ce aikinsu.

Wakilin rajistar CAC, IBB Way:
Na manta maganar haraji. Mai rajistar sunan kasuwanci harajinshi na kanshi ne, kuma jihar da yake zaune ake biya, ke Katsina kenan. In takardunki duk suna nuna Abuja kina iya samun kanki kina yi ma hukumomi biyu bayani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya bar zumunci, wlh na ƙaru sosai. Na karanta ma maigida duka, ya ce akwai shagon yayanshi a bakin titi da ba kowa ciki tun bara, zai yi mashi magana. Na kuma kira mai shagon Abuja, ta ce ita ba ta ce lallai sai adireshin Abuja ba, kowane ne in dai yana jikin takarda, kuma kamar yadda Mama ta Daura ta faɗa ta kawo maganar NAFDAC da kanta. Hayar adireshin zan bari tukun sai in odar ta yi yawan da zan riƙa zuwa ganawa da mutane can. Mama dan Allah in ba damuwa zan bi ki ta inbox, ina so in san shagon ɗaki ɗaya ne babu famfo a ciki sai dai a jawo daga maƙwabta, ko NAFDAC za su yarda da tanki?