Sakk, ifrag, arbun: a yi mana fashin baƙi kafin a biya kuɗin gida

Ummu Hafsa, Jidda:
Assalamu alaikum. Ana cinikin wani gida a kan riyal 800,000. Dillali yana cewa a ba da arbun yau, ifrag sai bayan sallah, kuma wai gidan "musha" ne tsakanin magada. Larabcin kasuwa muna ji, amma na takardun gida ya fi ƙarfinmu. Wanne ne a cikinsu yake mayar da gida ya zama na mai saye?

Abu Yasir, Makka:
Wa alaikumussalam, Hajiya. Ifrag ne kawai. Shi ne a cire sunan mai sayarwa daga sakk, wato takardar mallaka, a sa na mai saye, ko a gaban kitabatul adl (ofishin gwamnati mai tabbatar da takardu), ko wajen muwassiƙ mai lasisi (mai zaman kansa da ke yin wannan aikin), ko ta intanet a dandalin ma'aikatar shari'a. Kafin wannan, ko an miƙa makulli, gidan na mai tsohon suna ne.

Arbun shi ne kafin alƙalami, amma kada a auna shi da irin na ƙasarmu, domin a nan Saudiyya doka ta yi masa iyaka. Idan ta hannun dillali ne, ba ya wuce kashi 5 cikin 100, wato 40,000 a wannan cinikin. Abin da ya haura ana lissafa shi a matsayin wani ɓangare na kuɗin gidan. Sai kuma an rubuta cewa arbun ne. Idan mai saye ya fasa don ra'ayinsa, kuɗin sun tafi. Idan matsalar daga mai sayarwa ce, a mayar masa. Don haka a rubuta ranar ifrag a cikin takardar; "bayan sallah" ba rana ba ce.

Malam Na-Madina:
Hajiya, kalmar da ta fi tsaya mini ita ce musha. Ma'anarta kowane magaji yana da kaso a cikin gidan gaba ɗaya, ba a ware wa kowa ɗakinsa ba. Babban yaya ba zai sayar da kason ƙannensa ba don kawai shi ne babba. A nemi sakk hasrul warasa, mai lissafa magada duka, sannan wakala, wato takardar wakilci, daga kowanne ɗayansu. A karanta wakalar da kyau: ta ambaci sayarwa, da ifrag, da karɓar kuɗi, kuma wa'adinta bai ƙare ba. Wakalar kula da haya ba ta sayar da gida. Idan akwai maraya da bai balaga ba, sai kotu ta ba da izini, kuma wannan kan ja lokaci. Galibi a nan irin wannan ciniki yake maƙalewa, kuɗi suna hannun wani, wata 'yar'uwa kuma ta ce ba a shawarce ta ba.

A duba ko akwai rahn a kan sakk ɗin, wato jinginar banki. In akwai, sai an yi fakkur rahn, wato an cire jinginar.

Abu Yasir, Makka:
Haka ne, Malam. Na manta lissafi. Sa'ayi, la'adar dillali, kashi 2.5 ne in ba a yi wata yarjejeniya a rubuce ba: 20,000. A tambaye shi lasisin Fal, wato lasisin dillancin gidaje, tukuna. Harajin cinikin gidaje kuwa kashi 5 ne tun 2020, wato 40,000, ana biya ta hukumar zakka da haraji kafin ifrag. A doka yana wuyan mai sayarwa, amma sau da yawa a kasuwa ana ɗora wa mai saye, to a fayyace tun farko. Ragowar kuɗin kuma a ba da shek musaddaƙ, wato cakin da banki ya tabbatar, da sunan mai gidan ko wakilinsa a zaman ifrag, ba tsabar kuɗi a hannun dillali ba.

Baba Alhaji, Jidda:
'Yata, ki fara tambayar lambar sakk ɗin a tantance ta. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni da waraƙar mubaya'a ake sayar da su, takardar hannu da shaidu biyu. Lokacin rusau na Jidda an ga bambancin: masu sakk an yi musu diyyar fili da gini, marasa shi kuwa ginin kawai aka ƙiyasta. In dillalin ya fara kame-kame a kan lambar, ki riƙe arbun ɗinki.